Yadda ake magance farcen ƙafa mai shiga nama

Wanda bai taɓa fama da farcen da ya shige nama ba yakan ɗauke shi ƙaramin abu, har sai ranar da ya same shi. Ni a babban yatsan ƙafata ta dama na san shi, shekarun baya, kuma abin da ba na mantawa shi ne yadda sujada ta zame mini aiki, domin da zarar na lanƙwasa yatsun na dafa ƙasa sai in ji kamar an soka mini ƙaya, da dare kuma ko mayafi ne ya gogi wurin sai na farka. Na shafe watanni ina kai ƙafar wurin wani mai yankan farce, yana sa tsinin askarsa yana ƙwaƙulo gefen, in sami sauƙin kwana goma, sannan ciwon ya dawo fiye da yadda yake. Daga baya ne wata ma'aikaciyar jinya ta duba yatsan, ta ce mini: "Malam, wannan ƙwaƙular da kake biya ana yi maka ita ce take ciyar da ciwon." Duk abin da zan bayyana a nan a kan wannan magana tata ya ginu.

Farce yana tsirowa ne daga saiwarsa, wadda take ɓoye a ƙarƙashin fatar da ke gindinsa, kuma daga can ake turo shi gaba a hankali. Farcen ƙafa yana ƙaruwa da kimanin milimita ɗaya da rabi a wata, wajen rabin saurin na hannu ke nan, shi ya sa idan ya cire gaba ɗaya yakan ɗauki shekara guda zuwa shekara ɗaya da rabi kafin ya dawo cikakke. A kowane gefe na farcen akwai ɗan kwari da yake bi, kamar yadda ruwa ke bin magudana. Muddin kusurwar farcen ta wuce bakin naman yatsa, tafiyarsa lafiya lau take. Amma idan aka yanke kusurwar aka shiga da yankan ciki, abubuwa biyu ne suke faruwa. Na farko, reza ko almakashi ba su cika kaiwa can ƙarshen gefen da ke lulluɓe da nama ba, sai su bar wani ɗan tsini siriri wanda ido ba ya gani. Na biyu, duk lokacin da mutum ya taka ƙasa naman yatsan yana tasowa ya cike gurbin da aka buɗe. Farce kuwa bai daina tafiya ba, saboda haka bayan mako biyu ko uku sai tsinin nan ya iso ya tarar da nama a gabansa, ya huda shi. Wannan shi ne sirrin sauƙin da ake ji bayan ƙwaƙula da kuma dawowar ciwon: an janye ƙayar baya kaɗan ne kawai, an kuma ƙara mata nisan da za ta yi a cikin nama.

Ba yanka kaɗai ke jawo shi ba. Takalmi sau-ciki mai tsukakken baki yana matse naman a jikin farce yini guda, zufa kuma tana jiƙa fatar ta yi laushi har ta kasa jure gogar farcen, abin da ya sa matasa da 'yan makaranta da masu buga ƙwallo da ma'aikatan da ke yini cikin but suka fi kowa kamuwa. Tuntuɓe mai ƙarfi ko faɗuwar abu mai nauyi a kan yatsa na iya karkatar da tsirar farcen. Wasu kuma gado suka yi, farcensu lanƙwasasshe ne tun asali, gefunansa sun dunƙule ciki kamar ɓawon gyaɗa. Akwai kuma cutar da ke sa farce ya yi kauri ya sauya launi yana marmashewa, ita ma tana taimakawa, haka nan kumburin ƙafa irin na masu juna biyu.

Kafin a taɓa yatsan

Abin da za a fara yi shi ne a zauna a wuri mai haske a dubi yatsan da kyau, a gane inda ciwon ya kai. Tun shekarar 1937 wani likitan fiɗa a Amurka mai suna Heifetz ya kasa ciwon mataki uku, kuma har yau likitoci suna amfani da wannan rabo. A matakin farko gefen farcen ya kumbura, yana zafi idan an danna ko an sa takalmi, amma babu ruwa babu mugunya. A mataki na biyu fatar ta fashe, ruwa ko mugunya na fita, wani lokaci da wari, safa tana mannewa a wurin. A mataki na uku wani jan nama mai laushi ya tsiro ya hau kan farcen, da an taɓa shi sai jini, gefen yatsan kuma ya yi kauri ya taurare.

Littattafan likitanci sukan ce a duba ko wurin ya yi ja, to amma a baƙar fata jan ba ya fitowa sosai, balle idan an sa lalle. Abin da ya fi amfani shi ne a jera ƙafafun biyu a kwatanta yatsa da ɗan'uwansa. Mai ciwon zai fi duhu, fatarsa ta miƙe tana sheƙi, kuma idan aka ɗora bayan hannu za a ji ya fi ɗumi.

Maganin gida na matakin farko ne, da kuma farkon mataki na biyu idan abin bai yi nisa ba. Akwai mutanen da ko a matakin farko bai kamata su yi wa kansu komai ba, kuma ina roƙon a ɗauki wannan da muhimmanci. Mai ciwon suga shi ne kan gaba, saboda cutar tana kashe jijiyoyin ji a ƙafa ta kuma rage gudun jini, sai ya zama ciwo yana ci mai shi bai sani ba, kuma ɗan rauni a gefen farce na iya zama gyambon da zai kai ga yanke yatsa ko ƙafa. Haka nan wanda ƙafarsa take yawan sanyi ko dindiris, da mai sikila, da wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni saboda cuta ko magani, da tsohon da ba ya iya sunkuyawa ya ga abin da yake yi. Waɗannan asibiti za su nufa tun ranar da suka lura, kada su jiƙa, kada su yanka, kada su tura komai ƙarƙashin farcen.

Aikin gida

Manufar aikin gaba ɗaya ita ce a raba kusurwar farce da nama, a riƙe su a rabe har farcen ya tsiro ya wuce bakin yatsa. Kayan da ake bukata ba su da yawa: roba mai tsabta, ruwan ɗumi, gishiri ko sabulu marar ƙarfi, auduga ta kemis, tsinken sakace sabo wanda aka dakushe bakinsa, maganin shafawa mai kashe ƙwayoyin cuta irin su aidin, da filasta.

A zuba ruwan ɗumi a roba gwargwadon abin da zai rufe yatsun, a sa gishiri kimanin ƙaramin cokali biyu a kowace lita, wato leda biyu ta fiya wata. Ruwan ya zama mai ɗumin da za a iya yi wa jariri wanka da shi, a gwada da gwiwar hannu. Mutanenmu sun yarda da gashi da ruwan zafi ƙwarai, amma a nan zafin ba ya ƙara komai sai ƙuna da kumburi. A tsoma ƙafar minti 15 zuwa 20, sau uku ko huɗu a rana, kuma yayin da take cikin ruwan a riƙa sa ɗan yatsa ana tura naman da ya kumbura gefe a hankali, nesa da farcen. Idan an fitar, a tsane ta da tawul mai tsabta har tsakanin yatsu, a bar ta ta sha iska.

A lokacin ne farcen ya yi laushi, kuma a lokacin ake sa auduga, wadda ita ce zuciyar maganin. A wanke hannu da sabulu. A tsinko auduga 'yar mitsitsiya, a murza ta tsakanin yatsu biyu har ta zama siririya kamar lagwanin fitila, kaurinta bai wuce ƙwayar shinkafa ba, a ɗiga mata aidin kaɗan. Da babban yatsan hannu ɗaya a ja naman gefen ƙasa da waje, da ɗaya hannun kuma a sa dakusasshen tsinken a tura audugar ƙarƙashin kusurwar farcen, tana bin kwarin gefen, ta yadda za ta zauna tsakanin farce da nama. Za a ji ɗan zafi a ranar farko, amma bai kamata ya zama zafin da ke sa hawaye ba, kuma bai kamata a ga jini ba. Idan ta ƙi shiga, kada a tilasta, a sake jiƙawa zuwa yamma a gwada. Kuskuren da aka fi yi shi ne cusa auduga da yawa ana ganin hakan zai fi ɗaga farcen, alhali tulin auduga matsi yake ƙarawa. Wanda yake da zaren sakace haƙori zai iya amfani da shi a madadinta, ya zura shi ƙarƙashin kusurwar ya bar bakinsa a waje.

Audugar kullum ake canza ta, kuma duk lokacin da ta jiƙe a cire a sa sabuwa, domin jiƙaƙƙiyar auduga matattarar ƙwayoyin cuta ce. Ga mai alwala sau biyar a rana wannan yana nufin ya riƙa yawo da 'yar auduga a leda, ya tsane yatsan sosai bayan ya wanke ƙafa kafin ya mayar. Na san da wahala, amma bayan kwana uku hannu yakan saba, aikin ba ya wuce minti biyu.

Akwai dabara ta biyu da ake haɗawa da wannan, ko a yi ta ita kaɗai idan yatsan ya yi tsamin da ba zai karɓi auduga ba. A yanko filasta mai tsawon ɗan yatsa, a manna bakinta a kan naman da ke gefen farcen daidai inda yake ciwo, a ja ta waje da ƙasa, a zagayo da ita ta ƙarƙashin yatsan a karkace a manne ta a ɗaya ɓangaren. Tana janye naman daga farcen, kuma sau da yawa mutum yakan ji sauƙi nan take. Sai dai kada a naɗe yatsan zobe guda a ɗaure tam, don kada a tare jini, kuma idan kan yatsan ya yi sanyi ko ya dusashe a kwance nan da nan.

A duk tsawon wannan lokaci a ajiye takalmi sau-ciki a koma silifa ko sandal mai buɗaɗɗen baki, a rufe yatsan da ɗan bandeji idan za a shiga ƙura ko kasuwa. Ɗalibi ko ma'aikacin da doka ta tilasta masa rufaffen takalmi ya nemi uzuri na mako ɗaya ko biyu, ƙwallo ma a dakata da ita. Don rage zafi babba zai iya shan farasitamol mai nauyin miligiram 500, ƙwaya biyu bayan kowace awa shida, kada ya wuce ƙwaya takwas a yini da kwana. Ibuprofen yana rage kumburi, amma mai gyambon ciki da mai ciwon ƙoda da mai juna biyu su bar shi sai da izinin likita.

Zafin ya kamata ya fara sauka cikin kwana uku zuwa huɗu. Fitowar kusurwar kuwa tana bukatar haƙuri, tunda an ga irin jinkirin tsirar farce, kuma gwargwadon zurfin yankan da aka yi tana iya ɗaukar makonni har zuwa wata biyu ko uku. A nan ne mafi yawan mutane suke faɗuwa. Ana cikin tafiya sai kusurwar ta iso daidai bakin nama ta fara ɗan tsikari, hannu ya kai ga reza, a koma gidan jiya. Wannan tsikarin alama ce ta cewa an kusa, a ci gaba da auduga a bar reza.

Wasu abubuwan da ake yi da kyakkyawar niyya suna ɓata ciwon. Ana yanka ɗan gibi mai siffar harafin V a tsakiyar farcen wai don gefunan su janyo ciki, amma farce daga saiwa yake tsirowa, abin da aka yi wa bakinsa ba ya sauya hanyarsa. Ana fasa kafso a barbaɗa garinsa a kan ciwo, ana ɗiga man birki ko kananzir ko ruwan batir, ana shafa man goge baki ko toka, kuma duk waɗannan ƙona naman suke yi ko su ƙara masa datti. Dettol da ba a sirka ba shi ma yana cin fata. Game da masu yankan farce na kan hanya, sana'arsu suke yi kuma da yawansu gwanaye ne, amma aska ɗaya da ta taɓa jinin wani tana iya ɗauko cutar hanta, kuma ƙwayar cutar hanta nau'in B tana rayuwa aƙalla kwana bakwai a jikin ƙarfe ko da jinin ya bushe. Wanda zai ba da ƙafarsa a yanke masa farce ya tafi da nasa kayan, kuma ya faɗa a fili cewa kada a shiga gefe.

Lokacin zuwa asibiti

Idan an yi kwana huɗu ko biyar ana aikin gida babu sauƙi, ko mugunya tana ƙaruwa, ko jan naman nan ya tsiro, ko ciwon ya dawo karo na biyu ko na uku, to aikin ya fi ƙarfin gida. Idan kuwa kumburin ya bar yatsa ya hau bayan ƙafa, ko aka ji zazzaɓi, ko kaluluwa ta fito a matsematsi, ko yatsan ya fara yin baƙi, a tafi a ranar, kada a jira gari ya waye. A gaya wa likita rabon da a yi allurar rigakafin tetanus, musamman idan an taɓa wurin da ƙarfe.

Mutane da yawa sukan tsaya a kemis su sayi maganin kashe ƙwayoyin cuta su sha, mugunyar ta ɗan ja baya, su ɗauka an gama. Maganin yana da wurinsa idan cutar ta bazu cikin fata, kuma likita ne zai tantance hakan, amma ba ya cire tsinin da ke cikin nama, kuma muddin tsinin yana nan ciwon zai dawo.

Aikin da ake yi a asibiti ƙarami ne, kuma ina bayyana shi dalla-dalla ne saboda tsoronsa ne ya sa na yi watanni ina wahala. Ana yin allurar kashe zafi a gefe biyu na gindin yatsan, ita ce kaɗai abin da ake ji, bayan 'yan mintuna yatsan ya mutu murus. Ana ɗaura ɗan roba a gindinsa don tsayar da jini na ɗan lokaci, sannan a tsaga siririn yanki na gefen farcen, milimita uku ko huɗu, tun daga baki har saiwa, a zare shi. Ranar da aka yi mini, an nuna mini abin da aka ciro a kan auduga, sai ga tsini fari mai kaifi kamar ƙayar kifi, ya fi rabin ƙwayar shinkafa tsawo, wanda duk ƙwaƙular da aka yi ba ta taɓa kaiwa gare shi ba. Idan aka tsaya a nan, gefen zai sake tsirowa, kuma sau da yawa ciwon yakan dawo tare da shi. Saboda haka ga wanda abin yake maimaita masa, likita yakan shafa wani sinadari mai suna finol a daidai saiwar wannan gefen don kada ya ƙara tsirowa. Tun 1945 aka bayyana wannan hanya, kuma ita ce aka fi dogara da ita yanzu, domin waɗanda ciwon ke dawo musu bayanta kaɗan ne ƙwarai. Farcen yana nan yadda yake, sai dai ya ɗan rage faɗi. Mai juna biyu ta sanar da likita kafin a fara, saboda akan guje wa finol a lokacin ciki.

Ina ba da shawara cewa idan aka ce za a cire farcen gaba ɗaya, majiyyaci ya tambayi dalili cikin ladabi. Akwai lokacin da hakan ya dace, kamar idan farcen ya lalace duka, amma cire shi kawai ba tare da an taɓa saiwar ba yakan bar mutum shekara guda babu farce, naman kan yatsan ya taso, sabon farcen ya zo ya sake nutsewa a ciki.

Aikin bai cika wuce rabin awa ba, kuma a ranar ake komawa gida, saboda haka a tafi da silifa mai faɗi. A ɗaga ƙafar a kan matashi yini ɗaya ko biyu, a sha maganin zafi kafin allurar ta sake, a bi ranakun wankin ciwo da aka bayar. Inda aka sa finol yakan yi ta tsatsar ɗan ruwa har tsawon makonni, wannan ba mugunya ba ce kuma ba abin tsoro ba ne, sai idan zafi da kumburi suna ƙaruwa. Game da alwala, malamai sun yi bayanin halaccin shafa a kan ɗaurin ciwo, don haka babu bukatar a kwance bandeji ko a jiƙa shi.

Bayan an warke

Yankan farcen ƙafa daban yake da na hannu. A yanke shi bayan wanka lokacin da ya yi laushi, a miƙe daga gefe zuwa gefe, da abin yankan farce mai faɗin baki, kaɗan-kaɗan ba a ɗauke shi a datsa ɗaya ba. Tsawonsa ya yi daidai da kan yatsa, kusurwoyin biyu kuma su kasance a waje ana ganinsu a saman nama. Idan kaifinsu yana kama safa, a goge su kaɗan da magogin farce, kada a zagaye su. Kada a fizge farce da hannu ko a yage ragowar da ta maƙale, domin yagewa a kullum ciki take bi. Mai bin sunnar yanke farce a kai a kai ba sai ya bi na ƙafa duk Juma'a ba, tunda ba ya saurin tsiro kamar na hannu, yanka ɗaya a wata ya wadatar kuma bai fita daga kwana arba'in da aka iyakance ba.

Takalmi kuma a gwada shi da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan buɗe, a tsaye, da irin safar da za a riƙa sawa, a tabbata akwai sarari kamar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsa mafi tsawo da bakin takalmin, kuma yatsun suna iya motsi a ciki. Safa ta auduga ta fi ta roba shan zufa, a canza ta kullum. Iyaye su lura da 'ya'yansu masu tasowa, musamman 'yan makarantar kwana, domin takalmin da aka saya a farkon zango na iya matse yaro kafin zangon ya ƙare, kuma yaro yakan ɓoye ciwon don tsoron a taɓa. Idan ya dawo hutu yana ɗingishi ko yana taka dunduniyar takalminsa, a sa shi ya cire safa a duba yatsan.